Gargaɗi ga mazan Yamai: masu sayar da allurar ƙarfin maza da "makarinta"

Jama'a, a yi hattara da wasu 'yan damfara da suka cika WhatsApp da TikTok suna tallar zuma da allurar ƙarfin maza nan Yamai. Ba su da shago, ba su da takardar izini, lamba ce kawai da hoton kwalba. Ka aika kuɗi, ɗan kabu-kabu ya kawo maka ƙunshi a baƙar leda har bakin fada. Kwalbar zumar an liƙa mata takarda mai hoton doki, an rubuta ganye ne zalla. Ta allurar kuwa ƙarama ce, ruwa fari a ciki, babu suna, babu ranar lalacewa, sai sirinji ɗaya da aka ɗaure a jikinta da roba.

Damfarar tana da hawa biyu. Na farko shi ne abin da ke cikin kwalbar. A 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi kamfanonin da ke sayar da irin wannan zuma, bayan an auna an tarar da sildenafil da tadalafil a ɓoye, wato sinadaran Viagra da Cialis. Mai ciwon zuciya da ke shan magani mai nitrat, in ya haɗa da su, jininsa na iya faɗuwa warwas. Allurar ta fi muni. Magungunan da ake yi wa gaba allura da su, irin papaverine da alprostadil, likita ne ke auna wa kowane mutum gwargwadonsa, domin in aka zarce gaba na miƙewa ta ƙi kwanciya.

Hawa na biyu shi ne ya sa na yi wannan rubutu. Idan gaba ta ƙi kwanciya, ciwo ya fara, mutum kunya ta hana shi faɗa wa kowa, sai ya kira wanda ya sayar masa. Shi kuwa gogan sai ya ce: "Alhaji, kwantar da hankalinka, ai aikin maganin ke nan. Zuba ruwan sanyi, ka turo jika goma in aiko maka da makari." Makarin nan garin ganye ne ko wata ƙwaya da ba a san ta ba. Kafin a aika kuɗi, a jira ɗan aike, a sha, a jira a ga aiki, dare ya raba. Gari na wayewa lambar ta mutu.

Awannin nan da ya cinye maka sun fi kuɗin tsada nesa ba kusa ba. Cikin gaba akwai tsoka biyu masu kama da soso, su ke cika da jini lokacin sha'awa, sannan jinin ya fice. A wannan ciwo da likitoci ke kira firiyafizim, jinin ya shiga ya maƙale, sabo ba ya shigowa. Iskar oksijin da ke cikinsa ta ƙare, ya yi tsami, ya yi baƙi. Shi ya sa gaba ke sanƙarewa da zafi mai tsanani ba tare da wata sha'awa ba. Da an wuce awa 4 a haka, lamarin ya zama na gaggawa. Wajen awa 12 naman ciki ya fara kumburi. Zuwa awa 24 ƙwayoyin tsokar da ke buɗewa ta karɓi jini sun fara lalacewa, kuma yawancin waɗanda suka wuce wannan lokaci ba sa komawa yadda suke. Bayan awa 48 tsokar ta mutu, tabo mai tauri ya maye gurbinta, tabo kuwa ba ya miƙewa, har gaba kan gajarce. Wanda ya kai awa 36 zuwa sama, sau da yawa zancen da likita zai yi masa shi ne dashen roba a cikin gaba, aiki mai tsada da ba kowa ke iya kai wa gare shi ba.

Wanda ya zo da wuri kuwa, aikin ba shi da yawa. Ana kashe zafin wurin, a sa allura a zuƙe baƙin jinin, a wanke da ruwan gishiri na asibiti, a sa maganin da ke matse jijiyoyi kamar phenylephrine ko etilefrine. In hakan bai yi ba ne ake ƙaramar tiyata a buɗe wa jinin hanya. Babu garin da za a kaɗa a kofi ya fitar da jinin da ya maƙale, ko wa ya haɗa shi.

Masu amosanin jini, wato sikila, ku ne kan gaba a haɗari, domin ciwon na zo muku ko ba ku sha komai ba, har yara ƙanana. Iyaye mata, idan yaro mai sikila ya tashi da asuba yana kuka yana riƙe wando, a duba shi, kada a ce fitsari ne. Cibiyar kula da masu sikila tana nan Yamai, a tambaye su abin yi tun kafin ta faru.

Idan ta riga ta faru, kada a jira safiya, kada a kira mai kwalba. A nufi sashen gaggawa na Babban Asibitin Yamai ko na Lamorde, inda ake da likitocin mafitsara. A tafi da kwalbar da sirinjin, a faɗi ƙarfe nawa abin ya fara ba ragi, a faɗi duk ƙwayar da aka sha a ranar, har ta barci ko ta tabin hankali, don wasunsu ma na jawo shi. Lambar mai tallar da takardar aika kuɗin kuma a adana su, a kai wa 'yan sanda.