Tabarau na Kasuwa, na Shagon Awo ko na Asibiti: Abin Lura Kafin Ka Biya Kuɗi a Jos

Tela ya haura arba'in, da la'asar sai zare ya ƙi shiga kafar allura. Malamin allo ya fara nesanta Alƙur'ani da fuskarsa kafin wasulla su fito masa. Mai gyaran waya ya matso da fitila har tana ƙona masa goshi. Dukansu kalma ɗaya suke faɗi: "Idona ya fara rauni, gilashi zan saya." Mai irin wannan niyya a Jos hanyoyi uku ne a gabansa. Ko ya tsaya wurin masu tallar tabarau a kan faranti a Taminus, ko ya shiga shagon awon ido mai na'ura, ko ya yanki kati a sashen ido na asibiti, kamar asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Bingham da aka fi sani da Jankwano, ko asibitin ƙwararru na jihar Filato. Kowacce tana da ranarta. Amma tabarau rukuni ɗaya kawai yake gyarawa cikin abubuwan da ke rage gani, don haka kuɗin farko na awo ne, na gilashi ya biyo baya.

Abin da tabarau ke gyarawa

Matsaloli huɗu ne, kuma duk na yadda haske ke sauka a tantanin bayan ido ne. Akwai wanda yake gani kusa tas, amma allon aji ko lambar keke daga nesa sai dishi-dishi. Ƙwayar idonsa ta ɗan fi tsawo, kuma lambar gilashinsa da alamar ragewa take farawa, misali -2.00. Akwai wanda ƙwayar idonsa ta gajarta, idon yana ta ƙoƙari kullum har ya gaji, ga ciwon kai in ya yi karatu. Nasa da alamar tarawa yake. Na uku shi ne wanda gaban idonsa bai yi zagaye daidai ba, ya fi kama da ƙwai, shi ya sa fitilun mota ke ja masa wutsiya da dare. Na huɗu shi ne na shekaru: madubin da ke cikin ido yana taurara daga wajen shekara 40, ya daina lanƙwasawa don ganin kusa. Wannan kam ba wanda yake tsallake shi, kuma ba cuta ba ce.

Sauran fa? Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007, kan mutane sama da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama, ya gano kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne. Yanar ido ce ta jawo kusan kashi 43 na makantar, gilokoma, wadda ake kira hawan jinin ido, ta biyo da kusan kashi 17. Babu ɗaya cikinsu da tabarau ke warkarwa. Haka lalacewar tantanin ido da ciwon suga ke kawowa.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke nuna inda matsala ta dosa. A huda takarda mai kauri da allura, a leƙa ta hudar da ido ɗaya. In rubutun nesa ya ƙara fitowa, galibi aikin gilashi ne. In bai canza ba, ko ya ƙara duhu, to akwai wani abu a cikin idon da sai likita ya duba. Masu awo na ƙwarai suna yin irin wannan gwaji da ɗan faifai mai huda.

Na kan faranti

Ba ma cikin masu cewa tabarau na kasuwa guba ne. Gilashin karatu da aka haɗa tun daga kamfani yana yi wa mutane da yawa aiki, kuma ba ya lalata idon babba. Yawanci mai shekara 40 zuwa 45 yana buƙatar wajen +1.00, daga nan zuwa 50 wajen +1.50, bayan 50 wajen +2.00, daga 60 kuma wajen +2.50. In za ka saya, tafi da abin da kake aiki da shi, littafin ko wayar ko allurar. Riƙe shi a nisan santimita 40, kusan kamu ɗaya, ka zaɓi mafi ƙarancin lambar da ta ba ka gani sarai. Mutane sukan ɗauki mafi ƙarfi saboda ya fi kumbura rubutu, sai su koma karatu da takarda a kan hanci.

Iyakarsa a fili take. Lamba ɗaya ce a ido biyu, alhali idanun mutane da yawa sun bambanta. Ba ya gyara ido mai siffar ƙwai. Tsakiyar gilashin a wuri ɗaya aka kafa ta ga kowa, in ba ta dace da tazarar idanunka ba sai ciwon kai da jan ido bayan rabin sa'a. Ba na tuƙi ba ne, ba kuma na yara ba ne ko kaɗan. Babbar illarsa kuwa ita ce kwanciyar hankalin da yake sa wa mutum: rubutu ya fito, sai ya ɗauka idonsa lafiya lau, gilokoma kuma tana cin jijiya a ɓoye. Wanda aka duba masa ido cikin shekara ɗaya ko biyu da suka wuce aka ce shekaru ne kawai, ya sayi na kasuwa ba laifi.

Shagon awo

Nan ne bambanci ya fi yawa tsakanin wuri da wuri. Masu awon ido da masu haɗa gilashi suna da hukumar rajista ta ƙasa, ODORBN, kuma kana da ikon ka nemi ganin lasisin wanda zai auna ka. Wasu shagunan na'urar nan ce kawai da ake ɗora haɓa a leƙa hoton ɗan gida ko balan-balan, ta fitar da 'yar takarda, a ce "kwamfuta ta auna." Abin da na'urar ta fitar ƙiyasi ne na farawa. Takan ƙara wa matasa lambar ragewa fiye da kima, domin idon matashi yana matsewa in ya leƙa cikinta.

Cikakken awo yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 a ƙalla. Za a tambaye ka aikinka, da ko kana da suga ko hawan jini, da ko akwai wanda ya makance a danginku. Za a sa ka karanta allon haruffa daga nisan mita 6, kowane ido shi kaɗai. Wanda bai yi boko ba akwai allon harafin E da zai nuna inda ƙafafunsa suka fuskanta. Sakamakon 6/6 gani ne cikakke. In an rubuta 6/18, abin da mai lafiyar ido ke karantawa daga mita 18 sai ka matso mita 6. Wanda mafi kyawun idonsa bai kai 3/60 ba, shi ne makaho a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Daga nan a sa maka firem ɗin gwaji mai nauyi, ana canza gilasai ana tambayar wanne ya fi. Kada ka ji nauyin cewa "duka ɗaya nake gani," amsa ce mai amfani.

Abu biyu ne muke so kowa ya tambaya kafin ya biya: za a auna ƙarfin ruwan ido? Za a haska a duba jijiyar ido? Ƙarfin ruwan ido na yawancin mutane tsakanin 10 ne da 21. Ana auna shi da na'ura mai hura iska, ko wadda ke ɗan taɓa ido bayan an ɗiga maganin kashe zafi. Amma lamba ƙasa da 21 ba ta wanke mutum daga gilokoma, shi ya sa duban jijiyar ya zama dole. Cutar daga gefe take fara cinye gani, ba zafi, ba ja, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Ta fi yawa kuma ta fi saurin kama baƙar fata, tana kuma bin dangi. A binciken ƙasar nan, kusan mutum 5 cikin 100 masu shekara 40 zuwa sama suna da ita, kuma fiye da 9 cikin 10 nasu ba su sani ba. Shagon da ba ya waɗannan gwaje-gwaje biyu, gilashi yake sayarwa kawai.

Ka karɓi takardar lambarka a hannu, haƙƙinka ne. SPH shi ne ƙarfin gilashin, CYL da AXIS gyaran siffar ƙwai ne da kusurwarsa, ADD ƙarin na karatu, PD kuma tazarar tsakiyar idanu biyu, wadda ga manya takan kasance wajen milimita 60 da 'yan kai. Da takardar nan za ka iya zagayawa ka taya firem a wani wuri.

Wanda asibiti ne nasa kai tsaye

Layi da jira suna da ciwo, mun sani, amma akwai waɗanda bai kamata su tsaya a shago ba. Mai ciwon suga, domin a ɗiga masa maganin buɗe baƙin ido a duba tantanin baya, tun ranar da aka gano ciwon sannan duk shekara. Maganin yana sa gani ya dushe na sa'o'i huɗu zuwa shida, don haka kada ka je da mota ko babur kai kaɗai. Kuma kada mai suga ya yanka gilashi lokacin da sugan ke hawa da sauka, domin lambar tana canzawa da shi. A bari ya daidaita na 'yan makonni.

Sai dattijon da ke ganin hazo kamar na hunturu ko da damina, fitilar mota na kashe masa ido. Wani ma murna yake, wai ganinsa ya dawo, yana karatu ba gilashi bayan shekaru. Sau da yawa yanar ido ce ta fara tauri a tsakiyar madubin ido ta canza lambar. Maganinta aiki ne: a cire madubin da ya yi hazo a sa na roba, galibi cikin ƙasa da sa'a ɗaya. Babu maganin ɗigawa da ke narkar da ita. Masu yawo ƙauyuka suna soka abu mai tsini su tura yanar cikin ido sun makantar da mutane da yawa, kuma gyaran ɓarnarsu ya fi aikin farko wuya nesa ba kusa ba.

Yara ma asibiti ko ƙwararren mai awo. Idon yaro yana da ƙarfin matsewa har ya ɓoye lambarsa ta gaskiya, sai an ɗiga maganin da ke sassauta shi. Yaro mai harara-garke, ko wanda ido ɗaya ya fi rauni, in ba a gyara ba kafin shekara 7 zuwa 8, ƙwaƙwalwa takan yi watsi da idon. Farin abu a tsakiyar baƙin idon jariri kuwa, ko a hoto aka gan shi, kada a kwana da shi.

Haka wanda ganinsa ya ɗauke farat ɗaya, ko yake ganin walƙiya da baƙin labule na saukowa, ko ido ya yi ja da azabar ciwo har da amai. In siminti ko ruwan batir ya fantsama, a fara wankewa da ruwa mai tsabta na minti 20 kafin a kama hanya. Wani abu da ke damunmu ƙwarai shi ne maganin ɗigawa na kemis mai ɗauke da dexamethasone ko betamethasone, wanda ake saya wa yara masu ƙaiƙayin ido lokacin ƙura. Yana kwantar da ƙaiƙayi nan take, shi ya sa ake maimaitawa wata da watanni, yana kuwa iya ɗaga ƙarfin ruwan ido ya kawo yanar ido.

Zaɓen gilashin kansa

Mai buƙatar nesa da kusa yana da zaɓi uku: tabarau biyu daban, ko mai layi a tsakiya, ko marar layi da lambarsa ke sauyawa a hankali daga sama zuwa ƙasa. Marar layin ya fi kyan gani, yana kuma ba da tsaka-tsakin nisa na kwamfuta, amma ya fi tsada, gefensa yana karkata abubuwa, kuma sabo da shi kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. In ba a auna tsayinsa a kan firem ɗin da ke fuskarka ba, kuɗin ya tafi a banza. Dattijon da ke hawa matakala ko tafiya a hanya mai duwatsu, sau da yawa tabarau biyu daban sun fi masa aminci. Tela da mai gyaran agogo su faɗi ainihin nisan aikinsu.

Robar gilashi ta gama-gari ta wadatar ga ƙaramar lamba. Ga yara, da 'yan acaɓa, da mai ido ɗaya, a nemi polikabonet, domin ba ya saurin fashewa. Siririn gilashi mai tsada sai lamba ta haura 4 yake nuna amfaninsa. Shafin hana ƙyalli yana taimakon mai tuƙin dare. Mai yin duhu a rana yana da daɗi a hasken Filato, sai dai ba ya yin duhu sosai a cikin mota, domin gilashin gaban mota yana tare hasken da ke motsa shi. Wanda ake tallatawa da sunan kare ido daga shuɗin hasken waya kuwa, bincike bai nuna yana rage gajiyar ido ba. Ɗaga kai duk minti 20 a kalli nesa na daƙiƙa 20 ya fi shi, kuma kyauta ne.

A nemi farashin firem daban, na gilashi daban. Ranar karɓa, ka saka shi a shagon, ka rufe ido ɗaya-ɗaya ka karanta nesa da kusa, ka sunkuyar da kai ka ga ko yana zamewa, ka kuma tambaya ko za a sake yanka maka in bayan mako biyu jiri bai daina ba. Da hunturu kada ka goge shi a bushe da bakin riga ko mayafi, ƙurar tana kankare shafin. A zuba ruwa tukuna, da ɗigon sabulun ruwa, sannan a share da tattausan ƙyalle.