Kisa a jirgin ƙasa: taurari sun yi yawa, wurin zama ya yi kaɗan

Daren Juma'ar da ta wuce na zauna da Babana muka kalli Murder on the Orient Express, wanda Kenneth Branagh ya shirya a 2017. Baba tsohon ma'aikacin reluwe ne, shi ya sa na zaɓo masa shi. Na san ko labarin bai kama shi ba, taragon zai kama shi.

An ɗauko labarin ne daga littafin Agatha Christie na 1934. Jirgi ya taso daga Istanbul ya nufi yammacin Turai, dusar ƙanƙara ta tare shi a Yugoslabiya. Gari na wayewa aka tarar da wani attajiri Ba'amurke mai suna Ratchett kwance a ɗakinsa, an caka masa wuƙa sau 12, wani sukan ya nutse, wani kuma da ƙyar ya keta fata. Mai kisan yana cikin fasinjoji, ga kuma Hercule Poirot, mai binciken nan ɗan Beljiyam, a tarago ɗaya da su. Branagh da kansa ya fito a Poirot, da wani gashin baki da ya kusa taɓo kunnuwansa.

Ido dai ya sha kallo. Da fim mai faɗin milimita 65 aka ɗauke shi, har ƙyallin cokula da farin ƙyallen teburan taragon cin abinci sai ka ji kamar ka kai hannu. Wurin da ya fi burge ni shi ne inda aka gano gawar. Kyamara ta hau sama tana leƙen kawunan mutane a matsattsen lungun tarago, ba a nuna mana gawar ba tukuna, sai ƙeyar masu magana da kafaɗunsu. Nan Baba ya gyara zama ya ce, "Tsaya, mai da shi baya. Haka lungun yake, mutum biyu ba sa gittawa sai ɗaya ya karkace." Sai da muka kalli wurin sau uku. Na kuma ji daɗin zaman Poirot da Ratchett a kan ɗan kek guda. Johnny Depp, da tabo a fuska da murya ƙasa-ƙasa, yana roƙon a tsare masa rai a kan kuɗi mai tsoka, Poirot ya ƙi, ya gaya masa fuskarsa ce ba ta yi masa ba.

Inda raina ya sosu shi ne yadda aka tara manyan 'yan wasa aka bar su tsaye. Judi Dench guda, a matsayin gimbiya 'yar Rasha, maganarta ba ta cika cikin cokali ba. Olivia Colman ce mai yi mata hidima, ita ma an sallame ta kafin ta zauna. Haka Penélope Cruz da Willem Dafoe. Ƙarfin irin wannan labari yana wajen tambayoyi ne: a zaunar da mutum, a ja shi da hira, kana kallon idonsa har ka gane inda ya yi ƙarya. Branagh ya gutsure wannan lokacin ya ba guje-guje a ƙarƙashin gada, da harbin bindiga, da Poirot yana hira da hoton wata tsohuwar masoyiyarsa, alhali babu ko ɗaya a littafin. Duwatsun ma da gani ka san aikin kwamfuta ne.

Wanda ya ga fim ɗin da Sidney Lumet ya shirya kan wannan labari a 1974 zai gane abin da nake nufi. A can Ingrid Bergman ta ƙi matsayin gimbiya, ta zaɓi ƙaramin matsayin wata mai wa'azi 'yar Suwidin. Aka ajiye mata kyamara wajen minti biyar ba yankewa, tana in-ina tana murza hannu a gaban Albert Finney da ya fito a Poirot, kuma da wannan ta samu lambar yabo ta Oscar karo na uku. Lauren Bacall da Sean Connery da John Gielgud, kowa sai da aka ba shi filinsa.

Michelle Pfeiffer ce ta ceci ƙarshen na 2017. An jera fasinjojin a dogon tebur a bakin ramin da jirgi ke bi ta cikin dutse, sanyi na kaɗa su, aka dawo kan wata yarinya mai suna Daisy Armstrong da aka sace aka kashe tun kafin wannan tafiya. Christie ta samo wannan ne daga sace jaririn matuƙin jirgin sama Charles Lindbergh a Amurka a 1932. Yadda muryar Pfeiffer ta karye a wurin, ni kam sai da na share ido. Ba zan faɗi wanda ya yi kisan ba, amma Baba, da tun tsakiyar fim ya kafe a kan kwandasta, ya yi shiru har sunaye suka gama wucewa.

Idan ba ka san labarin ba, ka fara da na 1974, ko ka nemi littafin. Na Branagh kuma a kalle shi a babban allo, don a waya rabin kyansa zai tafi. Baba ya riga ya ce in kawo masa tsohon ranar Juma'a mai zuwa, yana so ya ga injin mai tururi da kyau.