Wasiƙa daga Galway: zaɓen da ba a raba ko ƙullin gishiri ba

Yaya, assalamu alaikum. Ina gaida Hajiya da yara. Ran nan ka tambaye ni a waya ko me aka raba mana a zaɓen shugaban ƙasar Ailan, atamfa ko taliya, sai layi ya yanke. Ga amsar a tsanake.

Ba a raba komai ba. Takardu kawai suka shigo gidana, su ma ma'aikacin gidan waya ne ya zuro su ta kafar ƙofa. A nan gidan waya, An Post, yana aiki sosai, kuma doka ta ba kowane ɗan takara damar aika wa masu zaɓe takarda ɗaya kyauta. Ta wannan hanyar katin da ke nuna min rumfata ya iso, ban taka ko'ina ba. Da na riƙe shi sai na tuna sintirin da muka sha da ranar da ta dafa mu kafin katinka ya fito.

Fastocinsu a jikin sandunan fitilar titi ake ɗaure su da igiyar roba, ba a shafa ƙullu a manna a bangon gidan mutane. An ba su kwana 7 bayan zaɓe su kwance, wanda ya bari ya biya tarar yuro 150 a kan kowace fasta. An hana sayen tallar siyasa a rediyo da talabijin, don haka ba ka jin waƙar ɗan takara tsakanin labarai. Muhawara ake yi a RTÉ, gidan rediyo da talabijin na ƙasa, 'yan jarida su tsare mutum da tambaya har gumi ya karyo masa. Abin da aka yarda ɗan takara ya kashe gaba ɗaya bai wuce yuro 750,000 ba.

Fom ma ba a saye. Ka tuna a 2022 fom ɗin shugaban ƙasa na APC naira miliyan 100 ne, na PDP miliyan 40. A nan sa hannun 'yan majalisa 20 ake nema, ko amincewar ƙananan hukumomi 4. Sai dai kada ka ɗauka ƙofar a buɗe take. Manyan jam'iyyu ne ke riƙe da mafi yawan hannayen nan, shi ya sa mutum uku kacal suka hau takardar ƙuri'a a 2025, alhali a 2011 su bakwai ne. Wata lauya, Maria Steen, ta nemi shiga takara, amma sa hannu 18 kacal ta samu. Wannan ya ƙona wa mutane da yawa rai, ni ma ban ga adalci a ciki ba.

Abin da na fi so ka ji shi ne labarin Jim Gavin, ɗan takarar Fianna Fáil, jam'iyyar firaminista Micheál Martin. Shi ne kocin da ya ci wa Dablin kofin ƙwallon gargajiyarsu sau biyar a jere, ana ganin girmansa. Sai jarida ta tono cewa wani tsohon ɗan hayarsa ya biya shi rarar yuro 3,300 bisa kuskure shekaru da suka wuce, kuɗin bai koma ba. Cikin kwanaki ya janye. Za ka ce kuɗin bai taka kara ya karya ba, amma sai ka san haya a ƙasar nan. Gida mai ɗaki biyu a Dablin ya haura yuro 2,000 a wata. Ni a Galway haya ce ke cinye kaso mafi tsoka na albashina tun kafin in sayi buhun shinkafa. Madara da burodi da dankali suna da sauƙi, wurin kwana ne ke kwantar da mutum. A gidan kula da tsofaffi inda nake aiki, wata abokiyar aikina da ke zaune a ɗakin da ta yi yarinta tare da iyayenta, tana da shekara talatin da wani abu, ta ce min ba adadin ne ya dame ta ba, mai gida ne ya riƙe haƙƙin ɗan haya.

Shugaban ƙasa a nan ba shi ke gina gidaje ba, mulki yana hannun firaminista. Aikinsa sa hannu a dokoki da wakiltar ƙasa, wa'adin shekara 7. Saboda haka hali ake dubawa. Mutane sun rabu biyu. Wasu daga cikin tsofaffin da nake kula da su na son Heather Humphreys ta jam'iyyar Fine Gael da ke cikin gwamnati, tsohuwar minista, suna cewa ta san aiki. Matasa kuwa sun ɗora mata fushinsu da gwamnati, suka bi Catherine Connolly, a lokacin 'yar majalisa mai zaman kanta daga nan Galway, wadda ke magana a kan Gaza ba kwana-kwana, kuma bakinta ya faɗa da harshen Ailan na asali. Masu sukarta sun yi ta tuna mata tafiyar da ta yi Siriya a 2018.

Ranar Juma'a, 24 ga Oktoba, na yi zaɓena na farko tun da na karɓi takardar zama ɗan ƙasa. Ba a hana zirga-zirga ba, bas na tafiya, shaguna a buɗe. Rumfa tana aiki daga 7 na safe zuwa 10 na dare, a wata makarantar firamare. Babu dangwale, fensir ake ba ka ka rubuta 1 a gaban wanda ka fi so, 2 a gaban na biye. Minti biyar na fito na wuce masallaci.

Connolly ta ci da kashi 63, mace ta uku bayan Mary Robinson da Mary McAleese. Amma waɗanda suka fito ba su kai rabin masu rajista ba, kuma sama da ƙuri'a 200,000 aka lalata, akasari da gangan. A kan wasu an rubuta maganganun ƙin baƙi, kuma a makon ne aka yi tarzoma a gaban masaukin masu neman mafaka na Citywest a Dablin. Wannan ya tsaya min a rai, don yarana a nan suke makaranta. Ka ce wa Hajiya muna lafiya, ta ci gaba da sa mu a addu'a.

In za a ba mai tahowa saƙo, kada a sa kilishi, ba a barin nama ya shigo, a filin jirgi za a ƙwace. Yaji da kuka da kuɓewa busasshiya nake so, don ɗan ƙullin da ake sayarwa a shagon 'yan Afirka na nan ba ya ƙamshi.