Gidan dawakin 'yan coci na hanyar Dodowa: abin da na gani a wata tara

Tun bayan ƙaramar sallah mata ke tare ni a bakin famfo da gidan suna, wai da gaske ne na kai yarona coci ana ɗora shi a doki. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Sunan wurin ba zan kama ba. Iyayen da muke haɗuwa a layin gashin ƙashi na asibitin Korle Bu a nan Akra sun san inda nake nufi, can bayan Adenta in ka miƙe hanyar Dodowa.

Yarona shekararsa bakwai, bakwaini ne, abin da likitoci ke ce wa CP, wato lalurar ƙwaƙwalwa da ke hana jiki motsi daidai, shi ke damunsa. Ƙafafunsa a sandare suke, suna harɗewa kamar almakashi, in ka zaunar da shi a tabarma sai ya kife gefe in ba a tokare shi da matashi ba. Hankali kuwa garau, yana jin Hausa yana jin Twi, tsiwa ba a magana. Wata mata 'yar Kumashi da muke zama benci ɗaya a asibiti ce ta ba ni labarin wurin. Da na gaya wa maigida, kalma ɗaya ya maimaita: "Coci?" Na ce masa abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Mun sha rubutu, mun yi hayaƙi, mun saurari masu cewa ɗan ruwa ne. Ya yi shiru, can ya ce in je in gani da idona, in akwai abin da bai gamshe ni ba in juyo.

Abin da ya fara kwantar min da hankali shi ne sun ƙi ɗora shi a ranar farko. Na goyo yaro ɗan shekara bakwai daga Nima, na sauya trotro, wato motar haya, a Madina, na iso jiƙe da gumi, Madam ɗin da ke riƙe da wurin ta ce ba hawa sai na kawo takardar likita da hoton ƙashin ƙugunsa. Ranar na ji haushi ƙwarai. Daga baya na gane dalili: yara masu irin ciwonsa ƙashin cinya kan goce daga gurbinsa, in aka buɗe ƙafafun a bayan doki da ƙarfi sai a yi ɓarna. Na ga ta mayar da wata uwa mai yaro mai farfaɗiya sai an daidaita masa magani, wata kuma mai ciwon Down ta ce sai likita ya duba mata wuya. Madam mai gashin ƙashi ce ta gaske, ba 'yar kame-kame ba, wannan ban ɗauke mata ba har gobe.

Sai Baba. Wallahi ban zaci zan ji Hausa a gidan nan ba, sai ga wani dattijo daga wajen Bawku, da hularsa da goronsa, yana wanke wa goɗiya kofato yana ce min, "'Yata, sannu da hanya, kawo Yarima mu gaisa." Shekaru ya yi yana kiwon dawakin 'yan folo a nan Akra kafin 'yan cocin su ɗauke shi. Shi ne ke gaya min doki a kudu sai da lallaɓa, ga ƙudan tsando ga danshi, harawa da dusa kuma duk saye ake. Goɗiyar da yarona ke hawa tsohuwa ce, kili, gajera, mai faɗin baya, in ka ganta a bakin teku a Labadi ba za ka biya ko sidi biyar ka hau ta ba. Amma ko tire ya faɗi a gabanta kunne kawai take kaɗawa.

Ba sa sa sirdi. Wani bargo mai kauri suke shimfiɗawa su ɗaure da majayi mai mariƙi. Madam ta ce jikin doki ya ɗan fi namu ɗumi, kusan digiri 38, ɗumin nan shi ke sassauta jijiyoyin cinya, sirdi kuwa tare shi yake. Ta sa ni na ɗora hannu a ƙugun yaron muna tafiya, na ji yadda kowane taku na goɗiyar ke tura shi gaba da baya, ya karkata shi dama da hagu, ya ɗan murɗa shi, kamar yadda ƙugun mai tafiya da ƙafa ke yi. Yaron da bai taɓa taka ƙasa ba, jikinsa na koyon tafiya a bayan dabba. Mutum uku ke kansa: Baba na riƙe da ragama, biyu na gefe kowa hannunsa a cinyar yaro, hular kwano a kai, minti talatin. A ofishinta akwai hoton wata Baturiya 'yar Denmak, Lis Hartel, da shan inna ya shanye wa ƙafafu amma ta ci lambar azurfa a wasan doki na Olamfik a 1952. Duk sabuwar uwa sai an nuna mata hoton nan, ni har na haddace labarin.

Maganar addini kuwa, tunda ita ce kowa ke son ji: suna buɗewa da addu'arsu da waƙa ɗaya. Na ce mu Musulmi ne, Madam ta ce ba komai, mu zauna ƙarƙashin mangwaro har su gama. Ba wanda ya taɓa ba yarona littafi ko ya ce ya maimaita wani abu. Baba kuma duk sanda zai ɗaga shi sai ya ce bismillahi a fili, ba wanda ya taɓa hana shi.

A wata na huɗu, wata safiya ina dama koko, na juyo na ga yaron zaune a tabarma, matashin ya zame ya faɗi can, shi kuwa yana zaune abinsa yana jan kunnen ƙanwarsa. Ludayin ya faɗi daga hannuna. Kakarsa Hajiya ta rangaɗa guɗa tana cewa angonta ya zauna, yau sai a ɗaura aure. Bayan gida da yake sha wahala ma ya daidaita. Da a lokacin na rubuta sharhin nan, da yabo ne daga sama har ƙasa.

Sai ga Asabar ɗin baƙi.

Tun ranar Alhamis aka turo saƙo a WhatsApp cewa masu tallafa wa wurin za su zo daga Amurka, kowa ya sa wa yaro kaya masu kyau. Na sa masa kaftaninsa na sallah. Muna isa na tarar an kafa rumfa, ga lasifika, ga 'yan kwaya da ganga da tambari. Madam ba ta nan, an aike ta filin jirgi ɗauko wasu. Faston da bai cika leƙo barga ba shi ke ba da umarni ranar. Ya dubi goɗiyarmu ya ce ba ta yi kyau a hoto ba, a fito da wani ingarma ja da aka aro don bikin, an yi masa kwalliya da sirdi da likkafa. Na ji Baba na ce masa da Turancinsa na barga wannan dokin bai san yara ba. Fasto ya dafa kafaɗarsa yana murmushi, ya ce zagaye ɗaya ne kawai.

Laifina a nan, kuma ina faɗa: na ji, na yi shiru. Kunya ta kama ni, wuri ne da ba a karɓar mana abin kirki, ga Turawa na kallo, na ce kada in zama Hausar da ta ɓata wa mutane taro. Aka ɗora shi a sirdi, ƙafafunsa suka ƙage nan take don sirdin ya fi bargon faɗi da tauri. Aka ce baƙi biyu su tsaya a gefensa maimakon 'yan matan da suka saba, mutanen kirki ne da alama, amma hannunsu ɗaya a cinyarsa ɗaya a waya. Sannan mai ɗaukar hoto ya ce hular kwano ta rufe fuska. Aka cire.

Ba su yi taku goma ba 'yan kwaya suka buga tambari, lasifika ta yi ƙara, dokin ya zabura gefe. Na ga ɗana ya sulale ta hagu, kai ƙasa, kaftanin ya rufe masa fuska. Baturiyar da ke wannan gefen ta ja da baya tana ihu. Baba, dattijon da ya haura sittin, ya saki ragama ya cafe shi da hannu ɗaya a ƙirji, suka zube tare, shi a ƙasa yaron a kansa. Kofaton dokin ya sauka bai fi taki ɗaya da kan yarona ba, har yau in na rufe ido ina ganin sawun a yashi. Yaron bai ji ciwo ba sai ƙujewa a gwiwar hannu. Baba ne ya yi sati uku ba ya iya ɗaga kafaɗa.

Kun san abin da fasto ya yi? Ya karɓi makirfo ya ce a tafa wa Ubangiji da ya nuna ikonsa a gaban baƙi. Aka tafa. Ni ina durƙushe a yashi ina lalube kan ɗana, jikina na rawa. Kiyayewar Allah ce, ban musa ba, amma wanda ya cire hular mutum ne, kuma yana tsaye a wurin yana tafi.

Tsugune ba ta ƙare ba. Kwana huɗu bayan nan ƙanwar maigida ta turo masa hoto daga shafinsu na Facebook: yarona a kan ingarma, kafin faɗuwar, fasto ya ɗora masa hannu a ka. A ƙasa an rubuta wai yaro ne daga zango da danginsa suka ɗauka aljani ne suka yasar, sai da ya zo wurinsu ya sami ƙauna. Yasar! Ni da nake goya shi trotro biyu duk Asabar, bayana har ya fara ciwo. Ba wanda ya tambaye ni kafin a sa hoton. Hoton ya zaga dangi har Kumashi da Tamale, aka ce na kai jikan Alhaji a yi masa wankan coci. Maigida bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Kin gani da idonki ai." Aka rufe maganar doki.

Sati shida ba mu je ba. A sati na huɗu na fara jin wahalar buɗe ƙafafunsa wajen wanka kamar da. Kullum da safe sai ya ce, "Umma, Kili?" Ranar wata Lahadi da la'asar sai ga Madam a ƙofar gidanmu a Nima, Baba na biye da ita, hannu a rataye. Ta cire takalmi, ta zauna a tabarma, ta ce wa maigida laifinsu ne, ba ta kawo wani uzuri ba. Ta ce an sauke hoton, kuma daga yanzu ba a ɗaukar kowane yaro hoto sai iyaye sun sa hannu, ba kuma mai hawa in ba ta wurin. Baba ya ce, "Alhaji, ni na riƙe ragamar ranar, ni ya kamata in ƙi. Ka ba ni Yarima amana, in aka sake ni zan fara barin aikin." Maigida ya daɗe yana kallon hannun dattijon kafin ya ce Allah ya kiyaye gaba.

Mun koma. To shin ina ba da shawarar wurin? Jiya da na fara rubutun nan na yi niyyar cewa e. Yau da na tuna wasu abubuwan raina ya sake ɓaci. Faston har yanzu bai ce min ko sannu ba, in mun haɗu sai ya ɗaga min hannu kamar ba abin da ya faru. Kuɗin maganin kafaɗar Baba, na ji daga bakinsa, shi ya fara biya daga aljihunsa kafin Madam ta mayar masa. Hoton da aka ce an sauke, an sauke shi daga shafi, amma yana nan a wayoyin dangi, kuma ban san ko yana cikin takardun neman tallafin da ake aikawa waje ba. Ga ban ɗakin wurin mai matakala huɗu, a gidan da aka buɗe don yara nakasassu. Dokar nakasassu ta Gana tun 2006 ta ba gine-ginen jama'a shekara goma su gyara hanyar shiga, wa'adin ya wuce tun 2016, mu kuwa har yau ɗaukar yaro ake a hau da shi. Sau uku ina faɗa, sau uku ana ce min in tallafi ya zo.

Amma kuma shekaranjiya Asabar yaron ya saki mariƙi, ya ɗaga hannu biyu sama, goɗiyar na tafiya, ya yi zagaye guda cur bai karkata ba, yana ƙwala min kira in duba. Baba bai ko waiwayo ba, ido na kan kunnen Kili, amma na ga gemunsa na motsi.

Wadda za ta je, ta tambaya tun a waya ko Madam na nan ranar, in an ce akwai baƙi ta zauna gida. Ni yanzu na saya masa hular kwanonsa na kansa, tun daga gida nake ɗaura masa, kuma na ƙulle igiyar haɓar yadda sai ni ke iya kwancewa. Meti, yaron mota, a tashar Madina har ya saba, in ya hango mu sai ya ce a matsa wa ɗan okada ya shiga.