Wace Ma'ajiya Ce Ta Dace da Hotunan Littattafan Ajami?

Duk wanda ya ɗauki hotunan littattafan ajamin da ya gada, ko ya naɗi muryoyin dattawan gidansu, dole ya yi tunanin inda zai ajiye su har su isa hannun jikoki. Filash da katin memori da SSD (ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta mai aiki irin na filash) ba na wannan aikin ba ne, domin cajin da ke riƙe bayanai a cikinsu yana zurarewa idan aka bar su shekaru ba a jona ba, zafi kuma yana ƙara saurin lalacewar. Ajiyar intanet haya ce: Google ya daina karɓar hotuna kyauta ba iyaka a Yunin 2021, kuma tun Disambar 2023 yana iya goge asusun da ya shekara 2 ba a shiga ba. Kaset ɗin LTO na adana bayanan kwamfuta kuwa sai manyan cibiyoyi.

Zaɓina shi ne faifan M-DISC, wanda kamfanin Millenniata na Amurka ya fitar a 2009. DVD na yau da kullum a kan wani rini ake rubuta shi, wanda rana da damshi ke cinyewa, shi kuwa wannan sassaƙa bayanan ake yi a kan shimfiɗa mai tauri marar rini, kuma abin da aka rubuta ba ya goguwa ko da kuskure. Na DVD yana ɗaukar gigabait 4.7, na Blu-ray kuma daga 25 zuwa 100. Shekara 1000 da ake ambata iƙirarin masu ƙera shi ne, amma ko kaɗan daga ciki ya wadatar da iyali. Na DVD ɗin sai an sami na'urar rubutu mai tambarinsa, kuma gara a sayi biyu, tunda sababbin kwamfutoci sun daina zuwa da ramin faifai.

Babbar masifar kasuwa ita ce jabu. Na taɓa sayen filash da ke nuna terabait 1, na zuba masa hotunan wasu rubuce-rubucen kakanmu, ya karɓa ba gardama, ashe ƙarami ne aka sauya masa lamba, sabon abu yana ta danne tsohon har fayilolin suka ƙi buɗewa. Kwali mai kyau ba hujja ba ne, arha fiye da kima kuwa alama ce, domin arha ba ta ado. A gwada kowane filash da manhajar H2testw, wadda ke cika shi sannan ta karanta abin da ta rubuta, tun kafin a amince masa. Faifai ma ana iya sayar da na banza da sunan M-DISC, don haka a saya a rufe daga dillalin da zai karɓi kayansa idan gwaji ya tona shi, kuma kwafi ɗaya ya zauna a wani gari daban.