Komik ɗin tsoro: na Amurka ko na Japan?

A Amurka da an doshi Oktoba ganye ya fara zuba, sai a hau neman komik, wato littattafan labari cikin zane, na ban tsoro saboda Halloween, bikin da ake shigar ban tsoro a ƙarshen watan. Ni dai tsakanin iri biyu nake. Na kamfanin EC na Amurka na shekarun 1950 gajerun labarai ne, galibi huɗu a littafi ɗaya, masu kala, kuma kusan kullum mugu ne ke kwana a ciki, har ƙa'idojin tace komik na 1954 suka durƙusar da su. Na Japan kuwa baƙi da fari ne, daga dama ake karantawa kamar ajami, kuma wallahi sau da yawa ba ruwansu da sakayya, mutumin kirki ma halaka yake ba laifin tsaye ba na zaune. Wannan ne ke hana ni barci, shi ya sa na Japan nake ɗauka.