Fiton Gaya zuwa Malanbil: jirgin Baba mai fito

Tun da aka toshe gadar da ta haɗa Gaya ta Nijar da Malanbil ta Benin bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, mu masu kai albasa kasuwar Malanbil muka koma hannun masu fito. Ana yawan tambayata jirgin da nake shiga. Na wani dattijo ne cikin Dandawan Gaya, kowa Baba yake ce masa.

Jirgin katako ne mai inji, ya sha jiki, akwai yaro guda da aikinsa kawai kwarfe ruwa da yankakkiyar jarka. Abin da ke mai da ni wurinsa shi ne sanin kogi. Baba ba ya yanke Kwara kai tsaye kamar samarin nan masu gaggawa. Sai ya ɗan hau sama ta gefen gaɓa, ya soka gora ya ji ƙasa, sannan ya saki jirgin ya bi zurfi. Na ce masa, "Baba, ba mu yi nisa ba?" Ya ce, "Hajiya, yashin bara ya tashi daga nan, ya koma can."

Wannan zurfin da yake lalube shi ne iyakar Nijar da Benin. Ranar 12 ga Yulin 2005 Kotun Duniya da ke Heg ta yanke cewa iyakar ta bi wuri mafi zurfi na babbar hanyar jirage, yadda take a 1960 lokacin samun 'yanci. Da haka aka raba tsibirai 25: Nijar ta samu 16, har da Lete da aka daɗe ana rigima a kansa, Benin ta samu 9. Hatta kan gadar, kotu ta ce layin na bin na ruwan da ke ƙarƙashinta. To amma kogi bai tsaya a 1960 ba. A tsakiyar ruwa babu tuta babu turke, sai dai wayarka ta sauya layi ka san ka bar gida.

Ya kuma san lokutan ruwa. Na damina ja ne, da ƙarfi da tarkace. Da sanyi kuma wani cikon ke isowa, ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali. Baƙo sai ya yi mamakin kogi cike alhali sama ba ta zubo ko ɗigo ba.

Inda ban yaba ba shi ne lodi. Buhu kan buhu, babur a sama, mu kuma a gefe ruwa na lasar bakin jirgi. Rigunan kariya 'yan kaɗan ne, su ma an mai da su matashin zama. Ranar da iska ta taso, wata mai goyo salati ta yi ta yi har muka sauka. Kuɗin fito ma ba tsayayye ba ne, yana bin yawan jama'a, ga 'yan dako a kowace gaɓa da nasu farashin. Sauƙin kawai, sefa ɗaya ake kashewa nan da can.

Zan ci gaba da shiga, amma da sassafe, kafin iska. Ku yi cinikin kaya daban da na kanku tun kuna tudu, kuma in kun ga an fara ɗora babur na biyu, ku jira sahu na gaba.